Shawara ga Mai Niyyar Sauka a Ƙaramin Otal a Tashkent

'Yan uwa masu shirin zuwa Uzbekistan, musamman masu niyyar ziyartar kabarin Imamu Bukhari kusa da Samarkand, ina ba ku shawara ku kula da batun rajista kafin ku biya kuɗin ɗaki a Tashkent, babban birnin ƙasar. Dokar ƙasar ta tanadi a yi wa baƙo rajista cikin kwana 3 da isowarsa, kuma otal ne ke yin ta, saboda haka ku tambaya tun da wuri, domin ba kowane masauki mai araha ne ke da izinin karɓar baƙi daga waje ba. Idan an ba ku 'yar takardar shaida, ku adana ta cikin fasfo, don jami'ai na iya neman ta ranar fita.

Ku zaɓi masauki kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kamar ta kasuwar Chorsu, domin jirgin ya fi tasi sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda zai je a watan Yuli kuwa, ya tabbatar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, don zafin yakan kai maki 40. Ku kuma riƙe kuɗin ƙasar, wato som, a hannu, saboda wasu ƙananan otal-otal ba sa karɓar kati.