Idan Abu Ya Maƙale Wa Kare A Maƙogwaro: Abin Da Za Ka Yi Kafin Ku Kai Ga Likita

Kare ba ya tauna abinci yadda mutum yake yi. Haƙoransa na yaga ne da fasawa, kuma da zarar ya ga abu zai iya wucewa, sai ya haɗiye shi ɗungurungum. Wannan hali ne yake jefa shi cikin haɗarin shaƙewa da guntun ƙashi, ko ƙwallon da ta yi wa bakinsa ƙanƙanta, ko busasshiyar fatar taunawa da ta jiƙe ta yi laushi, ko wani yanki da ya ɓalle daga abin wasa. Idan hanyar iska ta toshe gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin kimanin minti 4 zuwa 6, lokacin da galibi bai isa a kai dabbar asibiti ba. Saboda haka duk abin da za a yi, wanda yake tsaye a wurin ne zai yi shi.

Shin iska tana wucewa?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma amsarta ce za ta nuna maka ko za ka sa hannu ko za ka janye shi. Karen da yake tari da ƙarfi, yake kakari, yake kuma iya jan numfashi tsakanin tari da tari, hanyar iskarsa ba ta rufe ba, kuma tarin nan ya fi kowace dabara taka iya fitar da abin. Kada ka buge shi, kada ka cusa masa yatsa, kada ka ɗura masa ruwa ko mai. Ka kwantar masa da hankali, ka ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi, kana lura da shi a hanya.

Akwai kuma abubuwan da suke kama da shaƙewa alhali ba ita ba ce. Wasu karnuka, musamman ƙanana da masu gajeren hanci, sukan tsaya cak su miƙe wuya suna zuƙar iska ta hanci da gurnani, kamar atishawar da ake ja ciki, kuma wannan yakan wuce da kansa cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Ciwon tarin da karnuka ke ɗauka a junansu ma yakan zo da busasshen tari mai ƙarewa da kakari. Idan kuwa abin ya tsaya a hanyar abinci ne, za ka ga kare yana numfashi, amma yana dalala, yana ta ƙoƙarin haɗiya, kuma duk abin da ya ci sai ya dawo. Wannan ma na gaggawa ne, sai dai aikin likita ne, kuma ba a tilasta wa irin wannan kare yin amai.

Shaƙewa ta gaske kamanninta dabam ne. Karen yakan firgice, yana kai ƙafafun gaba bakinsa kamar zai yage shi, ƙirjinsa yana fama amma ba ka jin fitar iska, sai dai wani siririn sauti kamar fito, ko kuma shiru. Ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. Na lafiyayyen kare ruwan hoda ne, idan ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka to jini ya rasa iskar oksijin. Karen da dasashinsa baƙi ne tun asali, sai a dubi harshensa ko cikin fatar idonsa. Ka kuma shafa wuyansa, domin wani lokaci maɗaurin wuya ne ya sarƙe da wani abu ya shaƙe shi, kuma almakashi kaɗai ya isa magance wannan.

Gargaɗi kafin ka kai hannu bakinsa

Ciwon haukan kare yakan shanye tsokar maƙogwaro da ta muƙamuƙi, sai dabbar ta riƙa dalala, bakinta a sake, tana kakari kamar wadda ƙashi ya maƙale wa. Mutum yana iya kamuwa da wannan cuta ta hanyar laluben ƙashin da babu shi, kuma cuta ce da kusan ba a tsira daga gare ta idan alamunta suka bayyana. Don haka ina jaddada cewa karen da ba ka sani ba, ko wanda ba a yi masa allurar rigakafi ba kuma halinsa ya sauya a 'yan kwanakin nan, kada ka sa hannu a bakinsa ko kaɗan, ka kira likitan dabbobi. Bayanin da ke tafe na karen da ka sani ne, wanda ka ga yana ci ko yana wasa da wani abu kafin lamarin ya faru.

Ko naka ne da ya saba da kai, tsoro zai iya sa ya cije ka. Duk da haka ba a sa wa kare mai shaƙewa takunkumi. In akwai mutum na biyu, ya riƙe jikin karen, ƙaramin kare kuma a naɗe shi da tawul a bar kansa a waje. In har ya cije ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan ka je asibiti a ranar.

Duba cikin baki

Ɗora hannu ɗaya a saman hancinsa, ka danna leɓunansa na sama su lulluɓe haƙora a bayan fiƙoƙi, ta yadda in ya yi yunƙurin datse baki zai ji leɓensa ne tukuna. Da ɗaya hannun ka ja muƙamuƙin ƙasa, ka jawo harshe waje, wani ya haska maka da tocila. Ka fara duban ganɗa, domin sau da yawa guntun itace ko ƙashi yakan gitta tsakanin turamen sama na dama da na hagu, ya kafe kamar an auna shi. Irin wannan kare yana numfashi, firgita ce kawai ta kama shi, kuma filaya ko hantsaki za su cire abin a ja ɗaya.

Idan ka hango abin a can ciki kuma za ka iya kama shi, ka shigar da yatsa ta gefen kumatu, ka lanƙwasa shi a bayan abin, ka jawo shi waje. Abin da ba ka gani ba kuwa, kada ka lalube shi. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi kowanne illa, domin yatsan da aka cusa a makance yakan tura abin da ya toshe rabin hanya ya toshe ta duka. Ƙwallon da ta sha yawu santsi gare ta, kana taɓa ta daga gaba sai ta ƙara zurmawa. Ban da haka, a gindin harshen kare akwai wasu ƙananan ƙasusuwa na halittarsa, waɗanda mai lalube zai iya ɗauka ƙashin da ya haɗiya ne, ya ja su ya ji masa rauni. Zare ko igiyar da ta riga ta shige ciki, da ƙugiyar kamun kifi, su ma ba a jansu.

Kada duk wannan ya ci maka fiye da 'yan daƙiƙoƙi. In bai fita ba, ka wuce gaba.

Fitar da abin da ƙarfin iska

Ka fara da sunkuyar da kansa ƙasa. Ƙaramin kare a riƙe shi ta cinyoyi, kai yana kallon ƙasa, babba kuma a ɗaga ƙafafunsa na baya yadda ake tura baro. Yana cikin wannan hali, ka buga tsakanin allunan kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5, bugu mai kaifi wanda ya dace da girmansa, sannan ka sake duba bakin.

Idan hakan bai yi ba, sai matsar ciki, dabarar da ake kira da sunan likitan nan Ba'amurke Henry Heimlich, wanda ya bayyana ta a 1974 bayan ya gwada ta a kan karnuka. Hikimarta ita ce, ko yaushe akwai sauran iska a huhu, kuma in aka tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama farat ɗaya, iskar takan fito da ƙarfin da zai tunkuɗo abin da ya toshe. Ka tsaya ko ka durƙusa a bayan babban kare, ka zagaye cikinsa da hannuwanka, ka bi haƙarƙarinsa da yatsu har ka kai inda na ƙarshe ya tsaya, wurin da ciki ya yi taushi. Nan za ka sa dunƙulen hannu, ka rufe shi da ɗaya hannun, ka matsa ciki da sama wajen ƙirji sau 5, kowace matsa da sauri kuma a rarrabe. Ƙaramin kare sai ka jingina bayansa da ƙirjinka, ka yi masa da hannu ɗaya, kwikwiyo kuma yatsu biyu ko uku sun ishe shi. Karen da ya riga ya kwanta, ka bar shi a gefensa, ka tokare bayansa da hannu ɗaya ko da gwiwa, ka tura da ɗayan a wuri guda ɗin nan. Bayan kowane zagaye ka buɗe bakin ka duba, domin abin yakan fito ya tsaya a kan harshe, kuma in ba a cire shi ba zai koma da numfashin farko.

Matsar ciki tana iya karya haƙarƙari ko ta ji wa hanta da saifa rauni, shi ya sa ba a yi wa karen da yake iya tari, ba a kuma gwada ta a kan lafiyayye don koyo.

Idan ya suma

Suma takan saki muƙamuƙi, don haka ka sake duba bakin da kyau. Idan ƙwallo ce ko wani abu mai zagaye, akwai hanyar da likitocin dabbobi suke koyarwa ta turo shi daga waje. Ka kwantar da karen rigingine, ka miƙar da wuyansa ya daidaita da ƙashin bayansa, ka lalubo tudun ƙwallon a maƙogwaro, ka sa manyan yatsunka biyu a ƙasanta ta ɓangaren ƙirji, ɗaya a kowane gefe, sannan ka tura ta wajen baki da ƙarfi, sauran yatsunka suna riƙe da muƙamuƙi a buɗe.

In abin ya fita amma babu numfashi, ka jawo harshe, ka rufe bakin da hannu, ka sa bakinka a kan hancinsa ka hura sau 2, kana kallon ƙirjin ya ɗaga. In bai farfaɗo ba, ka kwantar da shi a gefensa ka fara danna ƙirji, dannawa 30 sannan hurawa 2, a saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, kana nutsar da ƙirjin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin faɗinsa, kana kuma barinsa ya dawo daidai bayan kowace dannawa. Aiki ne mai gajiyarwa, in akwai mataimaki ku riƙa karɓa-karɓa duk minti 2. A ci gaba da yi a cikin mota, wani kuma ya kira asibitin ya sanar da su kuna tafe.

Bayan abin ya fita

Ko da karen ya miƙe yana kaɗa wutsiya, a kai shi wurin likita a ranar. Maƙogwaron da ya ƙurje yana iya kumbura daga baya ya sake ƙuntata hanyar iska, kuma karen da ya yi ta jan numfashi alhali hanya a toshe take, ruwa yana iya taruwa masa a huhu bayan 'yan sa'o'i. Ka tafi da abin da ya fito domin a ga ko wani yanki ya rage a ciki, ka kuma gaya wa likita ko ka matsa cikin karen, don ya duba haƙarƙari da kayan ciki. A daren nan ka ƙirga numfashinsa yana barci, in ya wuce 30 a minti, ko tari ya dawo, ko dasashi ya koɗe, ku koma ba tare da jiran wayewar gari ba. Abinci mai laushi za a ba shi na 'yan kwanaki.

Kafin ya koma wasa, ka bi kayan wasansa ɗaya bayan ɗaya. Duk ƙwallon da take shigewa bakinsa har ta wuce turame ta yi ƙanƙanta, a sauya ta da babba. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya zama tsinke, kada a ba shi. Abin taunawa in ya rage guntu a ɗauke shi, mai haɗamar ci a yanka masa abinci ƙanana, karnuka biyu kuma a raba musu wurin ci, domin ganin ɗan'uwa kusa da kwano ne yake sa kowanne ya haɗiye nasa ba tauna. Lambar likitan dabbobi da ta asibitin da ke aiki da dare, a ajiye su a waya, a kuma rubuta su a inda kowa a gidan zai gani.