Yadda ake hawa duwatsun Rumsiki da iyali a lokacin iskar hunturu

Daga Marwa zuwa Mokolo kusan kilomita 80 ne, daga Mokolo zuwa Rumsiki kuma wajen 55 a kan hanyar da ba kwalta, don haka a samu mota mai tsayi. Garin Rumsiki yana arewacin Kamaru, gab da iyakar Najeriya, a yankin Mayo-Tsanaga da rikicin Boko Haram ya taɓa. Kafin a tashi, a tambayi jandarma a Mokolo halin da hanya ke ciki, kuma a ɗauki ɗan jagora Bakafsike, wato ɗan ƙabilar Kafsiki mazauna yankin, daga cikin garin Rumsiki.

Abin da ya fi wahalar da masu zuwa da yara shi ne iska. Daga Nuwamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi. Rumsiki ya haura mita 1,000 a sama da teku, Marwa kuwa wajen 400, kuma duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Idan iska ta haɗu da gumi, yaron da ke kukan zafi a gindin dutse zai kama karkarwa a sama. Yawanci takan yi ƙarfi da hantsi, ta lafa wajen la'asar. A fara tafiya da ƙarfe 7 a sauko daga tsauni kafin ta taso, ko a jira zuwa la'asar. Ranar da hazo ya rufe har ba a hango dutsen Kafsiki, mai tsayin mita 1,224, gara a ɗage tafiyar.

A sa wa yaro riguna biyu ko uku marasa kauri maimakon guda ɗaya mai nauyi, domin a riƙa cirewa ana mayarwa. Maigida ya bar babbar riga a mota, iska tana shiga cikinta ta ture mutum. Uwargida ta tattare hijabi ta ɗaure a ƙugu. Hular yara ta zama mai igiya a haɓa, a kuma gaya musu tun a ƙasa cewa abin da iska ta ɗauke ba a bin sa, don yaro mai bin hula ba ya duban bakin kwazazzabo. Silifas ba sa riƙe tsakuwa, a sa kambas.

Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, yara a tsakiya, kuma babba ya tsaya ta gefen gangare. Idan guguwa ta taso, kowa ya tsuguna ya ba ta baya har ta wuce. Mai goyo kada ta hau wuri mai tsini. A saukowa aka fi zamewa, a riƙa taku gajere ana bin gefe-gefe.

Hunturu yana busar da jiki ba tare da an ji ƙishi ba. A tanadi lita 2 zuwa 3 na ruwa ga babba, lita 1 da rabi ga yaro, a ba su kurɓi duk bayan minti 20. Yaron da ya galabaita a haɗa masa lita 1 na ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A shafa man kaɗe a leɓe da dunduniya. Ƙura in ta shiga ido a wanke da ruwa, kada a murza. Mai asma ya riƙe maganin shaƙarsa a aljihu. Shayi a zuba shi a filas tun daga masauki, domin ciyawa ta bushe ƙarau, garwashi ɗaya ya isa ya cinye gonakin mutane na kan dutse.