Kurakuran da ke kashe bindigar ɗuri tun ba ta tsufa ba

Bindigar ɗuri ta zamani, irin wadda ta bazu a Amurka bayan maƙerin bindiga Tony Knight ya fito da samfurinsa MK-85 a 1985, a ido ba ta kama da adakar maharbanmu na gida. Amma abin da ke cin su ɗaya ne, tokar albarushi. Duk lokacin farautar barewa sai na ga sababbin shiga suna lalata tasu da hannunsu, kuma ɓarnar iri ɗaya ce.

Babban laifi shi ne a yi harbi a jingine bindiga, a ce sai gobe. Tokar da albarushi ke bari gishiri ce mai jan danshi daga iska, a dare ɗaya tsatsa ta fara cin bututu. Masu cewa Pyrodex, wani madadin baƙin albarushi, ba ya tsatsa sun yaudari kansu, tokarsa ma cin ƙarfe take yi. Na taɓa ba wani ƙanena aron tawa, ya dawo da ita ya goge bayanta tana ƙyalli, cikin kuwa ko ruwa bai gani ba. Da na haska fitila sai ga ramuka birjik. Ramin tsatsa ba ya cikowa. Nan datti zai riƙa maƙalewa, harsashi ya riƙa kauce wa saiti, dole na sayi sabon bututu. Haba ɗan'uwa, ka iya kwana a daji kana fakon barewa, amma rabin awa na wanki ya gagare ka?

Ni dai ranar da na harba, ranar nake wankewa, da ruwan zafi da ɗan sabulu, in goge har ƙyalle ya fito fari, in busar sarai, sannan in shafa mai kaɗan. Tokar albarushin Blackhorn 209 ce kawai ba ruwa take so ba, sai maganin wanke bindiga mai mai.

Na biyu matoshin gindin bututu. Ɗaure shi a bushe, ba giris mai jure zafi a zarensa, neman rigima ne. Toka za ta shige shi ya kafe, mutum ya kama da filaya yana murɗawa har ya cinye kan. Cire shi duk wanki, ka jiƙa, ka duba hudar wuta a haske. In ta buɗe fiye da yadda take, sake matoshin, ba tsada.

Wanda ba na wasa da shi: harsashi ya zauna daram a kan albarushi. In aka bar fili tsakaninsu, bututu na iya kumbura ko ya fashe. Yi wa sandar ɗuri alama a daidai bakin bututu, ɗaya in babu komai ciki, ɗaya in an ɗura. Ita ce za ta tona maka ɗuri biyu. Albarushin harsasan zamani mara hayaƙi kuwa, kada ya kusanci bindigar da ba don shi aka ƙera ta ba.

Sauran ƙanana ne. Albarushin Triple Seven ya fi baƙin albarushi ƙarfi, rage awo yadda kamfanin Hodgdon masu yin sa suka rubuta. Goge man ajiya kafin ɗuri, in ba haka ba ya jiƙa albarushi ta ƙi tashi. Kada sanda ta riƙa gugar leɓen bututu, sa mata zobe mai tsare ta a tsakiya. In ka shigo da bindigar daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi za ta yi gumi, sai ka sake gogewa kafin ka sa ta a jaka.