Shawara ga masu fama da tirigonometiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu shirin WAEC. Idan aka ce ku tabbatar cewa (sin 5x + sin 3x)/(cos 5x + cos 3x) = tan 4x, don Allah kada ku fara warware sin 5x gunduwa-gunduwa. Zai cinye muku takarda da lokaci.

Ku dubi kusurwoyin tukuna. Rabin jimlar 5x da 3x shi ne 4x, rabin bambancinsu kuma x. Da zarar kun ga 4x ɗin nan a ɗaya ɓangaren, to tambayar da kanta ta nuna muku hanya: a mayar da tarawa ta koma ninkawa. Sama zai zama 2 sin 4x cos x, ƙasa kuma 2 cos 4x cos x. Ku soke 2 cos x, saura sin 4x bisa cos 4x, wato tan 4x. Layi uku kacal.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne cos A − cos B, domin alamar ragewa ce a gaba: −2 sin((A+B)/2) sin((A−B)/2). Ku riƙe ta da kyau.

In kuna shakka, ku sa x = 15° a kalkuleta. Kowane ɓangare zai ba ku kusan 1.732.