Idan kwamfuta ta daina ganin NAS bayan an ɗauke wuta

'Yan uwa masu situdiyon hoto da bidiyo a nan Katsina, ku ba NAS ɗinku, wato akwatin ajiyar fayiloli da ke haɗe da rauta, adireshin IP (lambar da kwamfuta ke nemo shi da ita) na dindindin tun yau.

A shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura, sau uku ina biyan mai gyara, ashe akwatin lafiyarsa ƙalau. Rauta ce ke raba wa na'urori adireshi. Da an ɗauke wuta an tayar da janareto, tana iya ba NAS sabon adireshi, ita kuwa kwamfuta tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Bidiyon bikin mutane na ciki, kai kuma hankalinka ya tashi.

Ka shiga saitin rauta, ɓangaren DHCP mai raba adireshi, ka ɗaure lambar MAC ta NAS (lambar shaidarsa da ya zo da ita) da adireshi guda, misali 192.168.1.50. A kwamfuta kuma ka buɗe shi da \\192.168.1.50 maimakon sunansa. In wuta ta dawo, ka bar rauta ta gama tashi kafin ka kunna NAS.

Amma wannan ba ya maganin komai. In fitilar ramin kebul ba ta kama ba, wataƙila kebul ne, ka canza shi. In kana kan wayafai na baƙi, yawanci ba za ka ga NAS ba. In kuma tsohon NAS ne mai SMB1 kaɗai, wato tsohuwar hanyar musayar fayiloli, Windows 11 ba ta zuwa da SMB1 a kunne. Gara ka sabunta manhajar akwatin ka kunna SMB2, don SMB1 ɗin nan ne cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi a 2017.