Ga Ƙannenmu Masu Zuwa Karatun Kimiyya a Ingila: Maganar Rahoton Gwaji

Duk shekara idan Satumba ta kama, sai mu ga sababbin fuskoki daga Birnin Kebbi, Argungu, Yauri, Gusau da Talata Mafara, kowa na tambayar gidan haya da inda ake sayar da naman halal. Wannan duk mai sauƙi ne, cikin mako biyu za ku gane gari. Abin da ba wanda ke tambaya, kuma shi ke kayar da mutanenmu a zangon farko, shi ne rahoton da ake rubutawa bayan an fito ɗakin gwaje-gwaje. Yaranmu ba su da matsalar lissafi, wanda ya ci kimiyya a WAEC ko NECO da guminsa ba zai ji kunya a nan ba. Sai dai ana auna rahoto da wani ma'auni daban, kuma ba a yi wa baƙo sassauci.

Shiga ɗakin kanta ba ta da wahala. Farar rigar aiki a ɓalle maɓallanta, tabarau na kariya, takalmi rufaffe. Silifa da babbar riga a bar su a gida. Mata su zaɓi ɗankwali ko hijabi na auduga, a cusa bakinsa cikin rigar aiki, domin yadin roba yana narkewa ya manne a fata idan wuta ta taɓa shi. Akwai takardar tantance haɗarin sinadarai da ake karantawa a sa hannu kafin a taɓa kwalba. Idan lokacin gwaji ya ci karo da Juma'a, a nemi sauyin rukuni tun makon farko, domin wanda bai halarci gwaji ba galibi ba a karɓar rahotonsa.

Tsarin rahoton kusan ɗaya ne ko'ina: take, taƙaitawa, gabatarwa, hanyar aiki, sakamako, sharhi, kammalawa, sai jerin littattafan da aka duba. Kafin ka rubuta kalma ɗaya, sauke takardar rabon maki daga shafin darasin. Za ka tarar gabatarwa da hanyar aiki makinsu kaɗan ne, kaso mai tsoka yana kan sakamako da sharhi. Mutanenmu kuwa sai su cika shafi uku da tarihin gwajin da ma'anonin kalmomi, su bar sharhi layi huɗu. A hanyar aiki, kada ka kwafe takardar umarnin da aka raba. Rubuta abin da aka yi a zahiri, har da inda kuka kauce wa umarnin, yadda wani zai iya maimaitawa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da yawa sun taso da tunanin cewa gwaji yana da amsa ɗaya da malami ya sani, aikin ɗalibi shi ne ya kai gare ta ko ta halin ƙaƙa. Sai mutum ya auna ya samu abu daban, ya goge, ya rubuta lambar littafi. A nan wannan laifi ne mai suna, ƙirƙirar alƙaluma, kuma masu duba rahoto sun san kamanninsa. Hannun ɗan Adam da agogon tsayarwa ba sa ba da 9.81 cif, wato lambar littafi ta ƙarfin jan ƙasa, sau biyar a jere. Shi ya sa ake rubutu a littafin gwaji da biro, ba da fensir ba. Idan ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, ka rubuta gyaran a gefe. A wasu sassan ma sai mai kula da ɗakin ya sa hannu a shafinka kafin ka fita.

Ɗauki gwajin lilo, wato ƙwallon ƙarfe a igiya, da ake neman ƙarfin jan ƙasa da shi. A ce igiyarka mita 0.50, ka samu 9.6 maimakon 9.81. Ka rubuta 9.6 ɗinka, sannan ka bi diddigi. Bambancin kusan kashi 2 cikin ɗari ne. Idan ka auna igiyar zuwa saman ƙwallon, ka manta cewa tsawon yana ƙarewa ne a tsakiyarsa, santimita 1 da ka bari shi ne kashi 2 na santimita 50, kuma yana rage amsar ne, daidai da abin da ka gani. Wannan jimlar guda ta fi lambar littafi kawo maki. Haka batun lokaci: kai-komo ɗaya yana ɗaukar kimanin daƙiƙa 1.4, jinkirin yatsa wajen danna agogo kuwa kusan 0.2 ne, wato kashi 14. Ka ƙirga kai-komo 20 ka raba, sai ya sauko ƙasa da kashi 1. Kada kuma ka ja ƙwallon ya wuce digiri 10, domin lissafin da ake amfani da shi na ƙaramin lilo ne.

Kalmar da ya kamata ku binne tun a filin jirgi ita ce "kuskuren ɗan Adam". Ba ta kawo ko rabin maki. Faɗi wane kuskure ne, nawa ne girmansa, kuma ɗaga amsar ya yi ko saukar da ita. A taitireshan, wato gwajin ɗiga ruwan wani sinadari cikin wani har su daidaita, ana karanta biyuret, dogon bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗigawa da shi, zuwa 0.05 cm³, ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. Karatu biyu ake yi, farko da ƙarshe, don haka shakkar ta zama 0.10 cm³, a kan 24.50 cm³ kimanin kashi 0.4 ke nan. Gwajin farko na share fage ne, ba ya shiga matsakaici, sai waɗanda suka kusanci juna da 0.10 cm³. Kumfar iska a bakin biyuret tana sa adadin ruwan da aka karanta ya fito sama da gaskiya. Wanke biyuret da ruwa kawai, ba tare da ɗauraye shi da sinadarin da za a zuba ba, yana tsinka sinadarin, adadin ya sake hawa.

Giraf da jadawali ba sa buƙatar dogon bayani. Kowane layi da sunansa da ma'auninsa, ɗigo su cika fiye da rabin takarda, a ja layin da ya fi dacewa da su duka, kada a bi su ɗaya-ɗaya kamar ɗinki. Ɗigon da ya yi nisa da sauran a bar shi, a kewaye shi, a faɗi dalili. Kuma don Allah kada a kwafo lambobi tara daga kalkuleta alhali awon lambobi uku ne.

Saura maganar da ta fi ciwo, domin daga halinmu mai kyau take fitowa. Mun saba ɗan gari ba ya hana ɗan gari, yaya ya miƙa wa ƙane rahotonsa na bara, abokai su zauna ɗaki ɗaya su rubuta tare. A nan ana tura rahoto ta manhajar Turnitin, wadda ke kwatanta shi da intanet da ayyukan ɗaliban da suka gabata, har na wasu jami'o'i. Sauya kalmomi nan da can ba ya ɓoye komai idan tsarin jimloli da kurakuran lissafi iri ɗaya ne. Kuma wanda ya bayar da wanda ya karɓa duka ake kira gaban kwamitin ladabtarwa na jami'a, ba a raba su. Kai da abokin gwajinka alƙalumanku ɗaya ne, wannan halal ne. Amma lissafi, giraf da sharhi kowa ya yi nasa. Ku tattauna da baki iya son ranku, fayil ɗin ne kada ya bar kwamfutarka, ko da wanda ya roƙa ɗan unguwarku ne a Gwandu. Batun ChatGPT kuwa, kowane darasi da dokarsa, a karanta ta kafin a buɗe shi.

Maki ma kada ya tayar muku da hankali. A digirin farko 40 ne ci, 70 kuwa daraja ta ɗaya ce, wanda ya samu 62 ya yi ƙoƙari sosai. Wa'adi da agogon kwamfuta ake yanke shi, minti ɗaya ya wuce an makara, wasu jami'o'i su zabge maki kowace rana, wasu su tsayar da shi a 40. Idan rashin lafiya ko rasuwa ta faru a gida, akwai fom na neman ƙarin lokaci, a cike shi kafin wa'adin ya cika, a haɗa da shaida. Idan kuma wasiƙar kwamiti ta zo, kada a ɓoye don kunya. Je ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, kyauta ne, ka tafi da littafin gwajinka da duk kwafin farko-farko na rahoton da ka adana.