Yadda ake gyaran tsohon zaure a Garwa ba tare da an tsayar maka da aiki ba

Duk shekara idan ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, za ka ga masu tsofaffin gidajen ƙasa a Garwa, arewacin Kamaru, suna zagaya katanga, suna ƙwanƙwasa yaɓe da ɗan yatsa. Daga nan yawancinsu kasuwa suke nufa, su sayo siminti, su kira magini. Takardar izini kuwa ba mai tunawa da ita sai ranar da aka zo aka zana musu gicciye da jan fenti a bango, aka ce kowa ya sauko daga tsani. Na ga hakan a gidaje da dama, kuma ya faru da ni a zauren mahaifinmu. Ba zan tsaya koya maka kwaɓa ƙasa ba, wannan aikin magini ne. Abin da zan faɗa maka shi ne wa za ka gani, me za ka rubuta, da kuma lokacin da za ka yi.

Fara da sanin matsayin ginin. Tsufa kaɗai ba ya sa gida ya shiga hannun hukuma. Akwai ginin da gwamnati ta sa a rajistar kayan tarihi, akwai wanda ba ya cikin rajista amma idon fada na kansa saboda yana jikin masallaci ko gidan sarauta ne, akwai kuma tsohon gida kawai irin namu. A Kamaru dokar da ke kula da kayan tarihi ita ce mai lamba 2013/003 ta 18 ga Afrilu 2013, kuma Ma'aikatar Fasaha da Al'adu ce ke riƙe da ita. Ginin da aka yi wa rajista ba a rushe shi ko a sauya masa kama sai da izinin ma'aikatar. Tana da ofishin delege, wato wakilinta, a kowace hedikwatar yanki; a arewa su ne Garwa, Marwa da Ngaundare. Ka je da hoton gidan, ka yi tambaya guda: wannan ginin yana cikin lissafinku ko ba ya ciki? Gidajen talakawa galibi ba sa ciki. Amma ka nemi amsar a rubuce, ko da layi biyu ne da hatimi.

Kada ka ɗauka zancen kayan tarihi na mutanen Yawunde ne kawai. Fadar Rai Buba tana cikin jerin wuraren da Kamaru ta gabatar wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, tun 2006, kuma a 2025 an shigar da kufan duwatsu na Diy-Gid-Biy da ke tsaunukan Mandara cikin kayan tarihin duniya. Ido ya fara dawowa kan tsofaffin gine-ginen arewa, har da waɗanda Jamusawa da Faransawa suka bari.

Idan gidan gado ne, ka tara magada kafin komai, mata da maza, su sa hannu cewa sun yarda kai ne za ka tsaya a kan aikin. Wanda ke Duwala ya turo nasa ta waya. Ƙorafin da ke tsayar da gyara sau da yawa daga cikin gida yake fitowa.

Sai jauro, wato mai unguwa. Wannan matakin ba ya cikin kowace doka da za ka karanta, amma ni a wurina shi ne na farko a daraja. Ka je da safe, ka tafi da maginin, ka riƙe goro. Ka ce, "Ranka ya daɗe, zauren Baba ne ya fara zuba, muna so mu tallafe shi kafin damina." Idan abin ya fi ƙarfinsa, shi zai kai ka wurin lawan da ke sama da shi, lawan ya kai maganar fadar Lamiɗo, wato sarki. Kada ka tsallake shi ka tafi fada kai tsaye don kana da sani a can. Za a dawo da kai wurinsa, kuma ka riga ka ɓata. Amfanin jauro biyu ne. Ya san iyakar kowane gida tun kafin a yi taswira, kuma idan maƙwabci ya ce dakalinka ya ci hanya, shi ake fara tambaya.

Kafin a ɗora tsani ka ɗauki hoto. Kowace fuska ta ginin, zanko ɗaya bayan ɗaya, indararo, ƙofa, zanen da ke goshin zaure, rufin daga ciki inda azara ta fito. Ka tsayar da yaro riƙe da sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin bango don a gane tsayi. Ka auna kaurin katanga a gindi da kuma a sama, domin ginin tubali yana sirancewa ne yayin da yake hawa. Ka wanke hotunan a takarda. Waya tana faɗawa ruwa.

Yanzu ga inda na faɗi, kuma a nan zan daɗe.

Dokar tsara birane, mai lamba 2004/003 ta 21 ga Afrilu 2004, ta raba izinin gini da izinin rushewa, kuma a ofishin magajin gari ake neman kowanne. A can za ka ji suna cewa permis de construire da permis de démolir. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne izinin gini ba na sabon gida ba ne kaɗai. Aikin da zai sauya kamannin tsohon gini daga waje, ko girmansa, ko ya ƙara masa hawa, shi ma yana buƙatarsa. Sabunta yaɓe da toshe yoyo gyara ne. Sauke katanga har ƙasa a sake tayar da ita kuwa, ko kai ka kira shi gyara, wanda ya zo dubawa rushewa zai gani.

Ni abin da na rubuta a takardar da na kai bai wuce kalma uku ba: gyaran katangar zaure. Na bar ta a haka don ina ganin gajeriyar magana ba ta jawo tambaya. Kuma na yi jinkiri, sai a Afrilu muka fara, ana tsakar zafin nan na Garwa da ke sa lebura ya gudu inuwa tun ƙarfe goma sha ɗaya. Kwana na uku maginin, dattijo ne da ya yi aiki da mahaifinmu, ya ɓamɓare yaɓen gaba, ya tura hannu cikin katangar har gwiwar hannu. Ya zaro shi cike da gari mai laushi kamar na tuwo, da fararen gara suna motsi a ciki. Ya ce, "Ɗana, wannan ba bango ba ne, ɓawo ne. Sai an sauke." Na ce, "To Baba, a sauke." Ban koma ko'ina na sanar ba. Da la'asar fuskar zauren tana ƙasa, zankaye biyu sun tafi da ita, azara na tsaye a kan tokara.

Bayan kwana biyu wani jami'i ya zo a kan babur. Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe takardata, ya karanta kalmomin nan uku, ya dubi tulin ƙasar da ke bakin titi, ya ce, "Alhaji, wannan shi ne gyaran?" Aka tsayar da aiki. Kafin in haɗa sabuwar takarda, in nemo tsofaffin hotuna wurin 'yan'uwa don in nuna yadda fuskar take a da, ruwan farko ya sauka a Mayu a kan buɗaɗɗen gini. Leda muka rufa, iska ta yage ta cikin dare. Katangar kudu da ba abin da ya same ta tun zamanin kakanmu ta sha ruwa ta kai, ta tsage. Garin neman gira muka kusa rasa ido. Laifin ba na jami'in ba ne, ba kuma na Baba magini ba.

Saboda haka ga yadda ake rubuta takardar. Ka sa magini ya yi bincike tukuna, ya buɗe ƙananan ramuka uku ko huɗu a gindin katanga da ƙarƙashin azara, ya ga abin da ke ciki. Sannan ku zauna ku bi ginin bango bango. Bangon gabas: yaɓe kawai. Bangon gaba: za a cire ruɓaɓɓen tubali daga ƙasa zuwa tsayin mita ɗaya, a mayar da irinsa. Rufi: za a canza azara kaza. Zanko: za a mayar da su yadda suke a hoto na kaza. Ka faɗi kayan da za a yi aikin da su da sunansu. Sai ka ƙara jimlar da ni ban sa ba, wadda ita ce ta fi duk sauran: idan an buɗe aka tarar ɓarnar ta wuce haka, za a dakata a sanar kafin a sauke wani sashe. Ka samu wanda ya iya Faransancin ofis ya juya maka ita, ka haɗa da hotuna, da takardar filin idan akwai, da yardar magada, da amsar delege. Ka yi kwafi uku. Wanda za ka riƙe a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata. "Je ka yi, ba komai" da wani ya faɗa maka a baranda ba izini ba ne, domin ranar da aka sauya masa wurin aiki maganarsa ta bi shi.

Kuɗin da za ka biya, ka biya a inda ake ba da rasit. Za ka haɗu da masu cewa za su gaggauta maka. Ni dai ban taɓa ganin takardar da suka fitar ta tsaya da ƙafarta ba. Kuma ka shigar da komai a Nuwamba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin ƙasa daga Disamba zuwa Fabrairu ake yin sa, lokacin hunturu, a gama kafin zafi ya tsananta.

Maganar siminti kuma. Masana'antar Cimencam tana nan Figil, kan hanyar Marwa, siminti bai yi mana nisa ba, shi ya sa kowa ke ganin shi ne magani. A kan katangar ƙasa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa. Idan ka lulluɓe ta da siminti, danshin da ke hawowa daga gindi ba ya samun hanyar fita, sai ya zauna a bayan yaɓen yana cin tubali, gara kuma ta samu ɗaki mai duhu. Daga waje bango sumul, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga. Abin da ya cinye fuskar zaurenmu ke nan: wani yaɓen siminti da aka yi mata shekaru da suka wuce, da kyakkyawar niyya. Idan ginin yana cikin rajista, wannan na cikin abubuwan da za a fara tambayarka. Idan ba ya ciki ma, ka bar siminti ga dakali da magudanar ruwa, nesa kaɗan da jikin bango.

Jar ƙasa za ka nema, a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa ana juyawa. Mutanen Marwa su kiyayi baƙar ƙasar karal da ake shuka muskuwari a kanta. Tana da kyau ga dawa, amma a bango tsagewa take yi da zarar ta bushe. Gwajin ba wuya: a shafa kwaɓi iri uku a gefen bango, kowanne faɗin tafin hannu biyu, a jira kwana uku. Wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa, a ƙara yashi. Wanda ke zuba idan ka goga da hannu yashi ya yi yawa. Yaɓen sama kuma makuba ce, daga ɓawon ɗorawa, in ka samu mai kawo maka. Laso, wani yaɓen sama mai hana ruwa shiga, ya fi ta ƙarko, amma katsin da ake haɗa shi da shi daga marina yake fitowa, kuma marina nawa suka rage? Azara ta giginya ce, kada a sayar maka da katakon zamani a ce duk ɗaya ne, gara ta san bambanci. Ka tambayi mai sayarwa takardar jami'an gandun daji kafin ka loda, in ba haka ba a hanya za ka yi bayani.

Jerin aikin daga sama yake farawa: rufi da indararo tukuna, sannan gindin katanga, sannan tsaga, yaɓe a ƙarshe. A tokare azara kafin a taɓa bangon da ke ɗauke da ita. Kada a buɗe bango biyu a lokaci guda. Indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindi. Kwafin takardarka ya kwana a wurin aikin, cikin leda, a hannun magini, kuma ka riƙa ɗaukar hoto kowane mako.

Idan an gama ka koma ka sanar da duk wanda ka sanar da farko, har da jauro, ka kai musu hoton kafin da na bayan. Takardun ka adana su tare da na gado. A ƙarshen Afrilu kuma ka sa yaro ya hau rufi ya share bakin indararo, domin tantabaru suna son yin sheƙa a ciki.